Baƙuwa a Garken Safiyanu

Shekara huɗu Malam Munzali ya yi yana riƙe da makullin babban rumbu ba tare da an rubuta hakan a wata takarda ba, kuma rashin takardar bai taɓa damunsa ba sai da Safiyanu ya shigo aikin.

Rumbun nan ba na gero ba ne. A saman wani bene da ke kallon tashar mota ta Birnin Kudu, Hajiya Rahamatu, wadda ta yi shekara ashirin tana jera katunan marasa lafiya kafin ta ajiye aikin gwamnati, ta buɗe ɗan kamfani mai ma'aikata uku. Aikinsu shi ne rubuta manhajar da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye ke ajiye bayanan marasa lafiya a cikinta. Duk rubutun manhajar yana zaune ne a wata ma'ajiya ta intanet, ita suke kira rumbu, kuma duk abin da aka zuba mata sai ta ba shi lamba, ta riƙe ranarsa da sunan wanda ya zuba. Kowa na iya kawo gyara, amma gyara ba ya shiga sai mai makulli ya duba ya amince. Shi kuwa mai makulli babu mai duba nasa. Wannan shi ne daɗin muƙamin, kuma Munzali ya san daɗinsa.

Abin alfaharinsa na biyu shi ne sikirif ɗin shiri, wato jerin umarni layi ɗari biyu da 'yan kai, wanda idan aka kawo sabuwar kwamfuta aka kunna shi, sai ya jawo rumbu, ya sauke kayan aiki, ya haɗa manhajar, ya miƙa ta a shirye. Munzali ya tsani sikirif mai surutu, irin wanda ke cika allo da bayanin duk inda ya taka. Saboda haka ya bi matakan nasa ɗaya bayan ɗaya ya sa musu takunkumi, don kada su ce komai, ko sun yi nasara ko sun faɗi. Jimla ɗaya tak ya yarda ta fito a ƙarshe, ita ce: Komai ya tafi daidai.

Safiyanu ɗan Maruta ne ta ƙasar Gwaram, gidansu gidan shanu da noma, kuma Munzali ya girme shi da shekara goma sha biyu. Abin da ya kawo ƙarami ne: wani ɓangare da ke riƙe bayanai idan sabis ya ɗauke, ya aika su idan ya dawo. Tun kafin Hajiya ta ɗauke shi ya rubuta shi, don haka ɓangaren yana da nasa rumbun dabam, makullinsa a hannun Safiyanu. Masu sana'ar suna ce wa irin wannan sabmodul, Hajiya kuwa ƙaramin rumbu take cewa. Babban rumbu ba ya ɗauke da kayan ƙaramin, lamba kawai yake ɗauke da ita, kamar yadda ake maƙala wa fayil 'yar takarda mai cewa a nemo fayil lamba kaza a ɗakin ajiya na gaba. Sikirif ɗin shiri ne ke karanta lambar, ya je ya ɗauko.

Munzali ya taɓa ƙirga layukan manhajar, ba don wani dalili ba, a cewarsa, sai don sanin girman aiki. Nasa dubu arba'in da ɗaya, na Safiyanu dubu biyu da ɗari uku. Duk da haka, ranar da Alhaji Ishiyaku, mai ɗakin shan magani a Sundimina, ya hawo benen da zabi biyu a hannu, cewa ya yi yana neman wanda ya yi abin nan da ke aiki ko babu sabis. Munzali ya ba shi kujera, ya kwashe rabin sa'a yana bayyana masa yadda aka gina manhajar tun daga tushe. Alhaji ya saurara da ladabi, ya yi godiya, sannan ya tambaya yaushe wancan ɗin zai shigo gari. Da yake Safiyanu daga Gwaram yake aiki, sai bayan mako biyu yake leƙowa, zabin nan kwana biyu suka yi ɗaure a ƙarƙashin teburin Munzali, kuma shi ya riƙa ba su gero.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta Safiyanu da Munzali ke ɗauka rashin tarbiyyar aiki. Duk gyaran da ya amince ya shiga ƙaramin rumbu, sai ya laƙaba masa sunan saniya. Inda Munzali ke da tsari na biyu da ɗigo huɗu, Safiyanu yana da Ƙyalla da Gajera da Mai Karyayyen Ƙaho. A bayan idonsa Munzali na kiransa Mai Garke. Ya so ƙwarai sunan ya yi zafi, sai ya tarar har Hajiya ta ɗauka tana faɗa da murmushi, kamar wata lambar yabo.

A ƙarshen daminar bana ne Hajiya ta tara su ta ce an sayo sabbin kwamfutoci biyar, za a kai su Sundimina da wasu wurare biyu ranar Alhamis ta sama. Ta ƙara da cewa kamfanin ya girma, bai kamata a ci gaba da riƙe makullin babban rumbu da fatar baki ba. A ranar Alhamis ɗin, bayan la'asar, za ta rubuta sunan mutum ɗaya. Ba ta kalli kowa ba da take magana, amma Munzali ya lura cewa Safiyanu ne ba ta kalla ba da farko.

Daga ranar ya shiga karatun layukan nan dubu biyu da ɗari uku da irin natsuwar da mutum ke karanta wasiƙar da ba tasa ba. Ranar Juma'a da hantsi ya samu abin da yake nema. Ɓangaren Safiyanu yana dogara ne da agogon kwamfuta wajen sanin wane bayani ne sabo. Idan batir ya mutu murus agogo ya koma baya, sai sabon bayani ya zama tsoho a idonsa, tsohon ya danne shi. Cuta ce ta gaske, kuma Munzali ya warkar da ita da layi goma sha ɗaya, masu kyau ƙwarai, inda ya sa a riƙa bin lambar jere maimakon agogo.

Ƙa'ida ita ce ya aika wa Safiyanu gyaran, ya jira ya duba ya amince. Munzali ya daɗe yana kallon akwatin da ake rubuta roƙon. Mutum mai shekara arba'in da ɗaya, wanda ya koyi aikin nan tun Safiyanu na bin maruƙa, ya tsaya a ƙofa yana neman izinin yaro? Ya rufe akwatin. Ya ajiye gyaran a cikin kwafin ƙaramin rumbu da ke kan kwamfutarsa, kwamfutar ta ba shi sabuwar lamba, ya bar shi nan, da niyyar ya fito da shi ranar Alhamis a gaban Hajiya, a daidai lokacin da ta ɗauki biro.

To, Munzali yana da al'ada da ya gada wurin mahaifinsa, wanda ya yi aikin akawu: ba ya tafiya masallacin Juma'a ya bar komai a kan tebur. Da umarni ɗaya yake share duk abin da ya canza a makon, ya tura babban rumbu, ya rufe kwamfuta. A cikin abin da ya share a wannan Juma'ar har da 'yar takardar nan mai lamba, wadda ta riga ta juya tana nuna sabon gyaransa. Bai duba ba, kuma babu mai duba na mai makulli. Tun daga azahar ɗin ranar, babban rumbu ke aika duk wanda ya zo ya ɗauko abin da babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin jakar Munzali.

Ranar Litinin Ummussalma, ma'aikaciya ta uku, wadda ke kai manhajar ƙauyuka ta koyar da ita, kuma bakinta ba ya jiran izini, ta jera kwamfutoci biyar a kan dogon tebur ta kunna musu sikirif. Duk biyar suka ce komai ya tafi daidai. Duk biyar suka ƙi buɗe manhajar.

"Malam, sikirif ɗinka ya ce komai ya tafi," in ji ta. "Zo ka nuna mini inda ya nufa, in bi shi."

Munzali ya fara da zargin sabis, aka bar na ofis aka koma na waya, bai canza ba. Ya zargi sabbin kayan aikin da suka zo da kwamfutocin, ya sauke su ya ɗora tsofaffi, bai canza ba. Ya wanke kwamfuta guda tas ya sake ta daga farko, ta sake ba shi albishir ɗin nan nata, ta sake ƙi. Sai gab da la'asar ya buɗe jakar cikin kwamfutar da kayan ƙaramin rumbu ke sauka a cikinta, ya tarar da ita wayam, ko layi ɗaya babu. Ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, irin na ruwan randa. Ya gyara fuska, ya je ya shaida wa Hajiya, da muryar mai kai labarin rashin lafiya, cewa ɗakin Safiyanu ne a cikin manhajar babu kowa.

Ummussalma ta kawo shawara biyu ranar Talata. Ta farko, a cire wa sikirif takunkumi ya faɗi abin da ya gani a hanya. Munzali ya ce sikirif ɗin shekara huɗu yana aiki ba a taɓa kama shi da laifi ba, ba za a tuhume shi don wani ya yi sakaci ba. Ta biyu, tunda tasa kwamfutar na aiki lafiya, a kwafi jakar daga wurinsa da filasha a zuba wa sauran, a wuce wurin. Ya ce aikin da aka shigar ta taga ba shi da asali, gobe ba a san inda za a nemo shi ba. Maganar daidai ce. Dalilinsa ne dai ba shi ne wanda ya faɗa ba: kwafin zai rufe laifin Safiyanu, kuma zai fallasa layukan da yake ɓoyo don Alhamis. Ta tambaye shi me ya sa tasa kaɗai ke aiki, ya ce kwamfuta ta san mai kula da ita.

Sau ɗaya tunanin gyaran nasa ya gifta masa. Ya kore shi nan take, da hujjar cewa gyaran bai taɓa fita daga kwamfutarsa ba. Wannan ma gaskiya ne.

Wayar Safiyanu ba ta shiga, domin ya tafi Maruta, ana yi wa shanun gidansu allura. Hajiya ta ce lallai wani ya bi shi da kwamfuta ɗaya. Kafin ta rufe baki Munzali ya ce shi zai je, ta yaba masa da wannan sadaukarwa. Laraba da sassafe ya shiga motar Gwaram, daga can ya hau acaɓa, suka bi wata hanya tsakanin gonakin dawa da ta fi su tsawo. Duk tsawon tafiyar yana gyara jawabin da zai yi, jawabi mai taushi, irin na babban wa, wanda zai fara da cewa kowa na kuskure.

Safiyanu ya fito daga garke hannunsa duk ƙasa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi jakarsa, yana ta Yaya Munzali da kanka. Mahaifiyarsa, Inna Hajjo, ta aiko da fura da nono a sabuwar ƙwarya. Mahaifinsa, Bappa Maikano, ya sa aka shimfiɗa tabarmar baƙi. Da an yi masa ɗan wulaƙanci da Munzali ya fi jin daɗi, domin jawabin nasa ya fi dacewa da mai girman kai. Ya dai fara, ya kai wurin kowa na kuskure, Safiyanu ya ce haka ne wallahi, bari a duba.

Sabis a nan wuri ɗaya yake sauka, a wani tudu bayan garke, ƙarƙashin ɗorawa. An ɗaure wata tsohuwar hula a reshe, a cikinta ake saka waya ta kamo, ta raba wa kwamfuta. Can suka koma, Bappa Maikano ya biyo su da buzunsa, don ya ce bai taɓa ganin yadda aikin ɗansa ke lalacewa ba. Safiyanu ya kunna sikirif, ya karanta albishir, ya leƙa jakar da babu komai. Bai kare kansa ba. Ya buɗe sikirif ɗin ya gangara a hankali har layin da ke ɗauko ƙaramin rumbu, ya tsaya.

"Yaya, ko za ka yarje mini in cire wa wannan layin takunkumi? Shi kaɗai. In mun gama sai in mayar."

A gaban dattijo, da ƙwaryar fura a cikinsa, Munzali bai ga hanyar ƙi ba. Aka cire, aka sake kunnawa. A karon farko tun da aka rubuta shi layin ya yi magana, da jan rubutu: an aike shi ya ɗauko lamba mai farawa da 7c41e, ya je ƙaramin rumbu, an ce masa babu mai wannan lamba. Ashe kwana uku yana dawowa da wannan amsa, takunkumi na haɗiye ta, sikirif na wucewa gaba abinsa.

Safiyanu ya kalli lambar bai fi ƙiftawar ido ba. "Wannan ba tamu ba ce," in ji shi.

Munzali ya ce ta yaya mutum zai san lamba da ka, alhali suna da yawa. Safiyanu ya ce ba su kai shanun Bappa yawa ba. Ya jero su ba tare da ya duba allo ba, Ƙyalla da farkon lambarta, Gajera da nata, Mai Karyayyen Ƙaho, Jar Wuya, har ya zo kan ta ƙarshe, Uwar Garke, wadda ya saka watan jiya. Ya ce kullum da safe yakan bi su ɗaya ɗaya kafin ya fara aiki, kamar yadda aka saba a gida kafin a saki dabbobi. Babu mai farawa da bakwai.

Bappa Maikano ya tambaya me aka gano. Safiyanu ya ce masa an rubuta wata saniya da sunan garkensu, an aiko a ɗauke ta, ita kuwa ba ta taɓa kwana a nan ba.

"To ai wani ne ya ɗaure ta a gidansa ya ce tana wurinku," in ji dattijon. "Ku tambayi wanda ya rubuta."

Munzali bai buƙaci a tambayi kowa ba. Ya san lambar. Ranar Juma'a da hantsi ya zauna yana kallonta kamar mai kallon sabon takalmi. Ya ji jakar da ke kan cinyarsa ta yi nauyi. Yana gani Safiyanu ya buɗe tarihin babban rumbu, ya nemo ranar da 'yar takardar ta canza, ya kai kan sunan wanda ya tura. Yatsansa ya tsaya. Bai ɗago kai ba, ya dai gyara zama, ya tambaya a hankali ko Yaya ya zo da tasa kwamfutar.

Munzali ya ciro ta daga jaka ya miƙa masa, Safiyanu ya karanta layukan goma sha ɗaya sau biyu. A karo na biyu ya fara dariya ƙasa-ƙasa, dariyar jin daɗi, wadda babu ko ɗigon ba'a a cikinta, kuma Munzali ya nema bai samu ba.

"Ashe agogo ne. Wata biyu ina neman abin nan, Yaya. Alhaji Ishiyaku ya ce mini katin wata mata ya koma na bara, na yi ta zargin sabis. Ina ma ka aiko mini tun ranar."

Munzali ya ce lokaci ne bai samu ba. Safiyanu ya ce ai aiki ya yi masa yawa, kowa ya sani. Nan take ya karɓi gyaran ya shigar da shi ƙaramin rumbu da sunan Munzali a kai, bai taɓa ko harafi ba. Da ya zo wurin laƙaba suna, sai ya juya ya ce wa mahaifinsa saniyar ta iso, kuma lafiyayya ce, me za a kira ta. Bappa ya ce tunda ta kwana a wani gida kafin ta zo, a kira ta Baƙuwa. Aka sake kunna sikirif, jakar ta cika, manhajar ta buɗe, jimlar ƙarshe ta fito, wannan karon da gaskiyarta.

Da yake raka shi bakin hanya, Safiyanu ya ce gobe zai shaida wa Hajiya cewa lamba ce ta saɓa an daidaita, kuma Yaya ya gano wata tsohuwar cuta ya yi maganinta. Ya ce sauran bayanin ba zai ƙara wa kowa komai ba. Ya faɗi haka ne yana kallon hanya ko ɗan acaɓa ya taho, kamar wanda ya ba da aron allura.

A motar komawa Birnin Kudu Munzali bai ga gonaki ba. Makulli ya zama nasa, wannan ya tabbata. Amma ya riƙa hango kansa kowace safiya yana buɗe babban rumbu da makullin da wani yaro ya tsinta a ƙasa ya miƙo masa, ya kuma kau da kai don kada ya ji kunya. Ya yi kishin zabi, ya yi kishin yabo, ya yi kishin yadda Hajiya ke cewa Mai Garke. Yanzu ga wani abu kuma da yaron ya fi shi, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne bai ga alamar ya sha wata wahala wajen yinsa ba.

Ranar Alhamis Ummussalma ta kai kwamfutoci ta dawo kafin azahar, ta ce duk biyar sun tashi. Bayan la'asar suka zauna a gaban teburin Hajiya. Akwai takarda a gabanta, kuma Munzali, ɗan akawu, ya iya karatu a juye: sunansa ne a kai, an riga an buga, sa hannu kawai ya rage. Safiyanu ya ba da bayaninsa kamar yadda ya yi alkawari, a gajarce, da yabo a ƙarshe. Hajiya ta jinjina kai ta cire murfin biro.

Munzali ya ce yana da ƙarin bayani. Ya miƙe tsaye, abin da ba a saba ba a ofis ɗin, ya ba da rahoto da kwanan wata da sa'a, daga hantsin Juma'a har tudun Maruta, bai tsallake akwatin roƙon da ya rufe ba, bai tsallake sharar tebur ba, bai tsallake shawarwarin Ummussalma biyu ba. Daga baya Hajiya ta riƙa ba da labarin a matsayin misalin riƙon gaskiya, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai abin da ya ɗaga shi daga kujera shi ne ya ga Safiyanu na shirin fita daga ɗakin da alheri a aljihu, kuma ya rantse a ransa wannan kam ba zai bar masa ba.

Hajiya ta saurara har ya gama. Tambaya ɗaya ta yi, ita ce me ya hana shi cire takunkumin tun ranar Talata da aka ce masa.

"Na riga na samu mai laifi, Hajiya," in ji shi, "kuma ya yi mini."

Ummussalma ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da babu abin da ya same shi. Hajiya ta jawo takardar, ta ja layi ɗaya a kan sunan, siriri, yadda ake yi wa katin asibiti don a iya karanta abin da aka soke, ta sa hannu a gefe, ta rubuta Safiyanu a sama. Safiyanu ya fara cewa ai Yaya ya fi shi sanin babban rumbu nesa ba kusa ba. Ta ce ta sani, kuma ba kyauta take rabawa ba; tana son makullin a hannun wanda ke duba garkensa kafin ya sake shi.

Washegari Juma'a, da hantsi, Munzali ya buɗe akwatin roƙo. Ya bi sikirif ɗin shiri ya cire takunkuman, ya sa duk matakin da ya faɗi ya tsayar da tafiya ya faɗi dalili, ya kuma hana jimlar ƙarshe fitowa sai an cancance ta. Ya rubuta roƙon da Hausa mai tsabta, ba gaisuwa mai yawa, ya aika wa Gwaram, ya naɗe hannu.

Amsa ta zo bayan minti tara. Ransa ya ɓaci, domin babu mai karanta layi ɗari biyu cikin minti tara, ke nan yaron ya amince ne don kara, bai ma ɗauki aikin abin dubawa ba. Ya buɗe saƙon da shirin jin haushi.

"Aiki ya yi kyau, Yaya. Saura ɗaya a layi na ɗari da goma sha biyu. In ka cire sai in shigar."

Ya gangara layi na ɗari da goma sha biyu. Takunkumin na nan. Ya cire, ya sake aikawa, ya jira. Wannan karon shiru, wataƙila sabis ya ɗauke a can, wataƙila an saki shanu. Aka yi kiran farko. Ummussalma ta tuna masa cewa lokaci na tafiya, kuma ga abu a kan teburinsa bai share ba. Ya ce ya gani. Ya ɗauki dardumarsa ya bar kwamfutar a buɗe, roƙon na jiran amsa. Yana sauka daga benen yana lissafin cewa a cikin layi dubu biyu da ɗari uku da wuya a ce cuta ɗaya ce kaɗai, kuma ranar Litinin yana da lokaci.